Kafin a ce wane ya fi wane samu, a fara cire kuɗin mai da balas

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini don in yi magana kan wani lissafi da ya zama ruwan dare a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo da shafukan sada zumunta, wato kwatanta abin da ma'aikacin gwamnati ke ɗauka a wata da abin da ɗan adaidaita sahu ko mai shago ko manomi ke samu. Kullum amsar da ake cimma ita ce boko ya tashi a banza, tunda mai tuƙa adaidaita yana haɗa naira 20,000 a yini, wato 600,000 a wata, shi kuwa mai digiri yana jiran 150,000. Wannan lissafi ba daidai ba ne, kuma yana da illa. Yara na barin makaranta saboda shi, magidanta na ajiye aiki su zuba ɗan abin da suka tara a sana'ar da ba su san cikinta ba, wasu iyayen ma da shi suke auna manemin 'yarsu.

Kuskuren a nan yake: ana ɗora ciniki kusa da albashi, alhali ciniki ba samu ba ne. Bari mu bi lissafin daki-daki. Alƙaluman da zan yi amfani da su na misali ne, kowa ya sa na garinsu a gurbinsu.

Mu fara da ɗan adaidaita. A ce ya haɗa 20,000 daga safe zuwa dare. Ya sha mai lita 7, a ce kowace lita 900, an tafi da 6,300. Mai mashin yana jiran balas ɗinsa, a ce 5,000, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tikiti da kuɗin ƙungiya a ce 500. Sai juyen baƙin mai da faci da birki da taya, waɗanda ba kullum ake biyansu ba amma dole a raba su a kan kwanaki, a ce 1,200. Abin da ya rage masa 7,000. Kuma babu direban da ke fita kwana 30 a wata. Akwai ranar da mashin zai kwana a gareji, akwai zazzaɓi, akwai suna da jana'iza, akwai ranar da jami'an hanya za su kama shi ya wuni yana bin sawu. In ya samu kwana 23 cikakku ya gode Allah. Ke nan 161,000 a wata, ba 600,000 ba. Ya yi awa 12 a kan titi kowace rana, awa 276 ke nan, kowace awa ta zo masa a kan naira 580 da 'yan kai.

Wani zai ce ai idan mashin ɗin nasa ne, balas ɗin ma nasa ne. A nan ne mutane da yawa suka karye. Mashin yana cin kansa kullum. A ce an saye shi miliyan 4, zai yi shekara 4 yana aiki, sannan a sayar da shi miliyan 1. Miliyan 3 ta narke cikin wata 48, wato 62,500 duk wata, kusan 2,700 a kowace ranar aiki. Wanda bai ware wannan kuɗi gefe ba yana cin uwar kuɗinsa ne yana zaton riba ce, kuma ranar da inji ya buga zai koma neman na haya. Ga shi kuma sabon da zai saya bayan shekara 4 ba zai same shi a tsohon farashi ba. Wanda ya karɓa a tsarin biya a hankali har ya mallaka ya fi kowa shan wahala a shekarar farko, domin kuɗin da aka ɗora masa ya ɗara na kasuwa sosai, kuma sau da yawa in ya gaza biya na 'yan makonni ana karɓe mashin ɗin, abin da ya biya a baya ya bi ruwa.

Yanzu ma'aikaci mai 150,000. Shi ma ba ita ce ke shiga asusunsa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire masa kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10. Don sauƙin lissafi mu ɗora a kan albashin gaba ɗaya, an cire 12,000. Asusun gidaje na ƙasa yana ɗaukar kashi 2.5, wato 3,750. Sai haraji. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma ana cire kashi 15, sannan ana yi wa mai haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, muddin rangwamen bai wuce 500,000 ba. Idan hayarsa 300,000 ce a shekara, harajinsa zai kama kimanin 9,400 a wata. Ya rage masa kusan 124,800, ba a ma cire kuɗin ƙungiyar ƙwadago da inshorar lafiya ba. In yana kashe 2,000 a kuɗin mota kullum, kwana 22, an tafi da 44,000, saura 80,800.

Amma akwai abin da ba a gani a hannunsa. Naira 27,000, wato 12,000 nasa da 15,000 na wanda ya ɗauke shi aiki, na shiga asusun fanshonsa duk wata, 324,000 a shekara. In aka haɗa, samunsa ya kama 107,800, a awa 176 na ofis, wato kusan 610 a awa. In aka saka awa biyun da yake ɓatawa a hanya kullum, ya sauko wajen 490. Ashe mutanen biyu da aka ce ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu kusan kunnen doki suke. Direban ya fi shi kuɗi a hannu, wannan gaskiya ce, kuma bai kamata 'yan boko su ji haushin faɗinta ba. Ma'aikacin kuma ya fi shi abin da ba a ƙirgawa: in ya kwanta jinya wata guda albashinsa na tafiya, babban ma'aikaci yana da hutun kwana 30 a shekara ana biyansa, banki na ba shi rance saboda takardar albashinsa, kuma in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki akwai abin da zai koma kansa. Direban da ya karye a ƙafa, daga ranar samunsa ya tsaya cak, mai mashin kuma zai miƙa makulli ga wani.

Ban ce fansho tabbas ba ne. Mun ga tsofaffin ma'aikata a jihohi da dama suna shekaru suna bin garatuti, mun kuma ga wuraren da ake cire kashi 8 ba a zuba shi a asusun ma'aikaci. Don haka duk mai son ya sa fansho a lissafinsa ya fara duba saƙon da kamfanin fanshonsa ke turo masa, ya tabbatar kuɗin na shiga.

Lissafin ɗan kasuwa ya fi wannan ruɗarwa, domin kuɗi masu yawa ne ke ratsa hannunsa. Mai shagon kayan masarufi da ke cinikin 300,000 a yini, in ribarsa kashi 4 ce, 12,000 ya samu. A ciki zai biya hayar shago da yaron shago da wuta da haraji, ya ɗauke asarar kayan da suka lalace da bashin da ba zai dawo ba. Sai kuma tarkon hauhawar farashi, wanda ya cinye jarin ƙananan 'yan kasuwa da yawa tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya. Ka sari buhu 60,000, ka sayar 66,000, ka rubuta ribar 6,000 ka ci. Ka koma sari ka tarar ya zama 68,000. A takarda ka ci riba, a shago kuwa kayanka sun ragu. Ɗan kasuwan da ke son sanin gaskiyar samunsa ya riƙa ƙirga jarinsa da buhu da katan, ba da naira ba: buhu nawa nake da shi a farkon shekara, nawa nake da shi yanzu? Haka kuma farashi na iya juyawa ƙasa. Waɗanda suka ɓoye masara da gero a kakar 2024 suna jiran tsada sun ga yadda farashin hatsi ya faɗi a 2025, bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, kuma da yawansu sun sayar ƙasa da yadda suka saya.

Manomi shi ne aka fi zalunta a wannan kwatance, saboda ana ganinsa ne a ranar da ya kai kaya kasuwa. Kadada ɗaya ta masara, in za a bi shawarar malaman gona, tana son iri kilo 20, takin NPK mai lamba 15-15-15 buhu 8, da yuriya kusan buhu 3, ban da huɗa da maganin ciyawa da noma da girbi da sussuka da buhuna da dako. A ce duka sun ci 900,000, Allah ya ba da buhu 30. Kowane buhu ya tsaya masa a kan 30,000 tun bai bar gona ba. In farashi ya kai 60,000, ribarsa 900,000, wadda in aka raba ta wata 12 ta zama 75,000 a wata, kaɗan ta ɗara mafi ƙarancin albashi na 70,000. In farashi ya sauko 35,000, ribar shekara gaba ɗaya 150,000 ce, wato 12,500 a wata. Ba a cire zakka ba, wadda a noman damina buhu ɗaya ne cikin goma. Ba a kuma saka ladan aikinsa da na 'ya'yansa ba, domin manomanmu ba sa ƙirga gumin gida a matsayin kuɗi. Wanda ya ci bashin taki kuwa dole ya sayar da kaka, lokacin da kaya suka fi araha, riba ta tafi wurin mai ajiya.

Irin wannan rashin ƙirga kai ya fi yawa a sana'ar mata ta cikin gida. Mai awara ko ƙosai ko ƙuli-ƙuli za ta cire kuɗin wake da mai da niƙa, ta ce sauran riba ce. Ba ta saka itace ko gawayi ba, ba ta saka awa shida da ta yi a gaban wuta ba, ba ta saka yarinyar da ta rasa makaranta saboda talla ba, kuma abin da yaran gida suka ci daga kaskon ba ya shiga lissafi. Da yawansu in aka zauna aka yi musu lissafin za a tarar jarin ne kawai ke juyawa.

Birkila da kafinta da tela kuwa matsalarsu kwanaki ce. Birkilan da ake biya 10,000 a yini yana iya yin rabin wata babu aiki, tela kuma abin da ya samu daga azumi zuwa babbar salla shi zai ja har ƙarshen shekara. Irin waɗannan ba a auna su da wata, sai da shekara.

Akwai wani abu kuma da ake mantawa, wato shekarun da mutum ya kashe kafin ya fara samu. Likita na yin shekara 6 a jami'a, shekara guda ta horon asibiti, shekara guda ta hidimar ƙasa, ban da yajin aikin malaman jami'a, wanda a 2020 ya ci wata 9, a 2022 kuma wata 8. Yaron da aka kai garejin kanikanci yana ɗan shekara 14 zai iya samun yaye ya buɗe nasa wurin tun likitan yana aji uku. Duk shekarun nan ɗaya na samu, ɗaya ana kashe masa. Kuma idan aka raba albashin ƙaramin likita a kan awowin da yake yi, har da kwanan asibiti, abin da ke fitowa ba ya kai yadda jama'a ke zato. Alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya ya daɗe a kan naira 5,000 a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi. Amfanin karatu yana bayyana ne a tsawon tafiya. Mai digiri yana shiga aikin gwamnati a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7, ana duba ƙarin girmansu duk shekara 3 har zuwa mataki na 14, daga nan duk shekara 4. Aikin ƙarfi kuwa samunsa na raguwa ne daidai lokacin da iyali ke ƙaruwa, domin ɗan shekara 55 ba zai yi awa 12 a kan mashin kamar ɗan 25 ba. Sai dai fa mai sana'ar da ya koyi ɗaukar yara ya zama maigida, wannan ba shi da iyaka irin ta matakin albashi, kuma a nan ne sana'a ke wuce aikin ofis nesa ba kusa ba.

Shi kansa albashin, adadinsa ba ya nuna komai sai an auna shi da kasuwa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 zamanin Shehu Shagari, zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a Yulin 2024. A ido ƙari ne. Amma 125 ta wancan lokaci ta kai kimanin dala 200, 30,000 ta 2019 ta haura dala 80 kaɗan, 70,000 kuwa a lokacin da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. A 2019 mai 30,000 zai sayi buhun shinkafa mai kilo 50 ya samu canji mai kauri, a ƙarshen 2024 mai 70,000 ba zai iya sayen buhun ba. Haka nan 85,000 da Legas ta amince da ita da 71,000 ta Kano ba za a ce ta Legas ta fi ba sai an cire haya da kuɗin mota na kowane gari. Wannan ƙa'ida ita ce ta masu lissafa albashin Ingila ko Saudiyya da naira su ce wane ya haye, ba su tambayi nawa yake biyan ɗaki ba.

Abin da ya fi damuna, ya Edita, shi ne muhawarar boko da sana'a ta rufe mana ido daga mutanen da aka fi cuta. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin wucin gadi da waɗanda ake biya da kamasho ba. A ƙarƙashin wannan rangwame ne malaman makarantu masu zaman kansu da masu gadi da masu shara da yaran shago da 'yan aikin gida suke. Akwai mai NCE da ke koyar da aji uku ko huɗu a makarantar kuɗi a kan abin da bai kai rabin 70,000 ba, in an yi dogon hutu kuma babu albashi, alhali ɗan hidimar ƙasa da aka turo makarantar yana karɓar 77,000 daga gwamnatin tarayya tun Maris ɗin 2025. A banki za ka ga mutum biyu a kanta ɗaya, aiki iri ɗaya, ɗaya ma'aikacin banki ne, ɗaya wani kamfani ne ya kawo shi kwantiragi, albashinsu ko kusa bai haɗu ba. Ko a cikin gwamnati, malamin firamare da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma shi ne na ƙarshe da ƙarin albashi ke isa wurinsa. Malaman firamare na Abuja sai da suka yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan 70,000 ɗin. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba sa cikin tsarin aiki na hukuma, kusan kashi 85 kuma kansu suke yi wa aiki. Ke nan duk hayaniyar mafi ƙarancin albashi a kan 'yan tsiraru ake yinta.

A can sama kuwa ɓoyon na wani salo ne, albashi kaɗan, alawus tuli. Hukumar rabon arzikin ƙasa ta ce albashi da alawus na sanata naira miliyan 1 da dubu 63 ne da 'yan kai a wata, kusan ninki 15 na mafi ƙarancin albashi. Amma Sanata Shehu Sani ya bayyana a 2018 cewa ana ba kowane sanata miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis, Sanata Kawu Sumaila kuma ya shaida wa BBC Hausa a Agustan 2024 cewa abin ya kai miliyan 21. Wannan ninki 300 ne na albashin ƙaramin ma'aikaci. Suna cewa kuɗin hidimar ofis ne, to sai a wallafa rasiɗan yadda aka kashe su, kamar yadda ake bin ƙaramin akawu da rasiɗin biro da takarda.

Ga matashin da ke tsaka mai wuya tsakanin sana'o'i biyu, shawarata ita ce kada ya tambayi mai sana'a nawa yake samu, domin ciniki zai faɗa masa, kuma na ranar da kasuwa ta yi kyau. Ya tambaye shi kwana nawa ya yi aiki a watan jiya, me ya kashe kafin ya samu, nawa kayan aikinsa suke kuma shekara nawa suke yi, wane wata ne kasuwa ke mutuwa, kuma wa ke ciyar da gidansa in ya kwanta ciwo. Wanda ke cikin sana'ar kuma ya sayi littafi mai layi, ya ja gida huɗu: abin da ya shigo, abin da aka kashe don sana'ar, abin da aka ɗauka aka kai gida, da awowin aiki. Ya rubuta kullum har wata uku, ya haɗa da wata mai kyau da marar kyau. Gida na ukun shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma ta nan jari ke zurarewa ba a sani ba.

Ku kuma a jarida, ina roƙon ku riƙa tura wakilanku duk bayan wata uku su zauna da masu sana'a goma ko goma sha biyar a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, su yi irin wannan lissafi da farashin ranar, a buga shi a jadawali ɗaya tare da matakan albashin jihohi da na tarayya, da farashin kwanon masara da na shinkafa, da litar mai, da hayar ɗaki biyu a unguwar talakawa. A saka malamin makarantar kuɗi da mai gadi da mai awara a cikin jadawalin, a kuma nemi ma'aikatun ilimi na jihohi su faɗi ko akwai mafi ƙarancin abin da suka wajabta wa makarantu masu zaman kansu su biya malami kafin a sabunta musu lasisi.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Kano